Ungulun da Fanne Ta Saya

A tashar motocin Damaturu da ke Potiskum, mota ta ƙi cika. Mallam Ari ya tashi ya zauna ya fi sau biyar, domin da azahar kwamiti zai zauna a Damaturu ya yanke hukunci ko a kori 'yarsa Fanne daga aikinta a ƙungiyar kare ungulaye. Sai wani mai gilashi da ke gefensa ya miƙo masa waya.

"Baba, dubi abin kunya. Ma'aikaciyarmu ce ta sayi ungulu a hannun wani mai maganin gargajiya. Kwana uku muna ragargazarta a Fesbuk. Yanzu ma shaida za ni bayarwa a kanta."

"Cinye ta ta yi?"

"Wai a dajin Mamudo ta sake ta. Amma dokarmu ta hana saye. Kana saya, gobe ya kamo wata."

"Kai ka san mai maganin?"

"Ai ni na fara gano shi! Guda biyar ne a kejinsa. Hoton da na ɗauka, har Turawa sai da suka yaba mini."

"Yaushe?"

"Wata biyu ke nan."

"Ka kai ƙararsa?"

"Baba, mu wayar da kai muke yi."

"To, sauran huɗun fa?"

Mutumin ya gyara gilashi. "Sun mutu. Zafi ne, ka gane."

Mallam Ari ya miƙe, ya riƙe masa hannu gam.

"Taso, ɗana, kujerarka a mota na kusa da tawa. Ni ne mahaifin Fanne. Yadda ka faɗa mini, haka za ka faɗa wa kwamiti, ba ragi."