A Sake wa Shiton Mma Ajaratu Suna

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙungiyar Hausawan Doha, malamanmu, dattawanmu, 'yan'uwa na Najeriya da na zangunan Ghana, masu gadin da suka baro ƙofa, direbobin da suka baro mota inda bai kamata ba, ina gaishe ku baki ɗaya.

Sunana Zulkiflu, mai gadi a unguwar Mushairib. Ina godiya da aka ba ni dama, ina kuma godiya da kuka cika ɗakin nan, ko da yake na san ba ni na tara ku ba, yunwa ce. Mma Ajaratu, mai dafa mana abinci a unguwar Muntazah, ta daina yin shito, yajin nan na mutanen Ghana, ta ce ba za ta ƙara ba sai mun janye sunan da muka sa masa. Tun ranar muke cin shinkafa kamar masu jinya.

Na farko, asalin sunan. Lokacin korona, da aka killace mu, hanci ya daina jin ƙamshi, harshe ya daina jin gishiri, shiton nan ne asibitinmu. Wanda ya lasa ya yi ihu, ya warke. Wanda ya lasa ya yi shiru, a kira motar asibiti. Ranar da Ɗantala direba ya lasa, sai ya dafe bango, ya ce, "Jama'a, wannan ai Hiroshima ce!" Kun san halinmu, duk abin da ya girgiza duniya sai mun raɗa wa atamfa ko miya sunansa. Suna ya bi shito.

Na biyu, jirgi. Bawah mai kai abinci ya ga bai kamata a bar shi a baya ba. Ya binciko a waya jirgin Amurka da ya jefa bam ɗin nukiliya a garin Hiroshima na Japan a 1945, ya zana shi a jikin kularsa, har da sunansa, Enola Gay. Na tambaye shi wane ne wannan, ya ce yana jin ɗan ƙwallo ne. Ya Bawah, sunan mahaifiyar matuƙin jirgin ne.

Na uku, abin da ya faru. Ana cikin gasar Kofin Duniyar nan da ake bugawa yanzu, Ɗantala ya ɗauko wani dattijo ɗan Japan mai neman abinci, ya kawo shi wurin Mma. Dattijo ya ci, ya yaba, ya tambayi sunan yajin. Ɗantala ya gyara tsayuwa ya faɗa masa, ya kuma jawo kular Bawah don ƙarin bayani. Sai hawaye. Muka fashe da dariya, muka ce shito ya yi aikinsa, wani har ya ruga ya kawo masa madara.

Dattijon ya goge ido, ya ce da mu cikin Turanci, "Mahaifiyata tana ƙasan jirgin nan a ranar. Yarinya ce, tana hanyar makaranta. Ta rayu, amma ban taɓa ganin ta da riga mai gajeren hannu ba, saboda tabon ƙuna."

Jama'a, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Bai zage mu ba, bai tashi ba. Ya cinye abincinsa tas, ya share teburin da hannunsa, ya roƙi Mma ta yi masa kwalba ɗaya ya kai wa iyalinsa. Da ya fita, Mma ta kife tukunya, ta ce, "Khalas, shi ke nan. Me zan rubuta a jikin kwalbar? Ku gaya mini, 'ya'yana."



To, jibi dattijon zai tashi, kwalbar kuwa tana nan wayam. Ina roƙon ku, don Allah, don darajar iyayenmu mata, mu binne sunan nan yau. Bawah ya kankare jirginsa, mu samo sunan da baƙo zai karanta wa jikokinsa a teburin cin abinci. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Ɗantala, kai hannu biyu za ka ɗaga.

Allah Ya tsare garuruwanmu da na wasu daga irin wannan rana, Ya tsare bakunanmu daga dariya a kan makokin mutane, Ya mai da kowa gida lafiya, Ya kuma sanyaya zuciyar Mma Ajaratu ta ɗora tukunya.

Na gode.