Hoton Joel a Gaban Mota

A bakin tashar Zuru wata mota ɗauke da akwatin gawa ta tsaya tana tururi. Monica ta zuba wa tsohon bakaniken da ya leƙa injin ido.

"Ruwa akwai, fanka na juyawa," in ji shi. "'Yata, wa ya ɗaure wannan babban hoto a gaban lagireto?"

"Ni ce, Baba. Mijina ne, Joel. Soja."

"Shi ya tare iska. A mai da shi baya."

"Shekara shida bai ga gida ba. Na yi alkawari shi zai fara ganin garinsu, Kanya."

Tsohon ya kwance igiyar a hankali, ya miƙa mata hoton da hannu biyu.

"To, zauna gaba ki rungume shi. Daga nan ma ana ganin hanya."