Shayi Mai Cokali Uku

A ɗakin jira na sashen ɗaukar hoto a asibiti, wata mata na rungume da filas. Ta dubi dattijon da ke gefenta, wanda rigarsa ta yi masa yawa, ta ji tausayinsa.

"Baba, ga shayi. Maigidana ya sha, ya rage da yawa."

"Na gode, 'yata. Wanda aka shiga da shi yanzu? Kafin hoton ya sha?"

"Kofi ɗaya tak, sukari cokali uku. Cewa suka yi kada ya ci komai, ai shayi ba abinci ba ne. Mutumin da ciwon dajin ciki ya ramar, in fito da shi da yunwa?"

Dattijon ya yi dariya. "Kin ɓata musu tarko. Ƙwayoyin dajin nan makwaɗaita ne, sun fi lafiyayyu zuƙar sukari, da shi suke hayayyafa. Shi ya sa ake hana mutum ci, sannan a yi masa allurar sukari mai alama. Duk inda ya taru na'ura ta nuna, likita ya san inda zai tunkara da magani."

"Wato na rikita hoton ke nan?"

"Sai dai ku dawo wata rana."

Ta dafe kai. "Baba, likita ne kai?"

"Direban tanka ne. Zuwana na huɗu ke nan. A na farko haka matata ta yi mini, na yi ta faɗa har gida." Ya ƙura wa filas ɗin ido. "Da yau tana raye ta miƙo mini, wallahi shanyewa zan yi, su ɗage hoton."