Fitilar Keken da Ba a Yi Mata Caji

A rumfar ajiye kekuna ta tashar jirgin ƙasa a birnin Sapporo na ƙasar Japan, wata mata ta tsare tsoho mai gadi, fitilar kekenta a hannu.

"Baba, an sauya min fitila a rumfar nan! Yau sai na kai ƙararka."

"Ni? Shekara goma ina gadin nan, ko ƙararrawa ba ta taɓa ɓata ba! Kawo in gani. Batirin ne ya ƙare, 'yata, sanyi shanye shi yake yi. Yaushe rabonki da sa ta a caji?"

"Wane caji? Tawa ba a yi mata caji. Shekara huɗu tana haska min hanya, ba ta taɓa mutuwa ba!"

"Ji wata magana! Wannan ramin na gindinta fa, na shan iska ne? Akwai dai mai cire ta kullum ya shiga da ita ɗaki, ya mayar kafin ki tashi."

"Babu kowa! Daga ni sai mijina, wanda ko shayi bai taɓa miƙo min ba. Shi ya sa na bar masa gidan makon jiya."

"Makon jiya, kika ce?"

Ta daɗe tana kallon ramin. Sannan ta ɗago kai.

"Kuma don wulaƙanci bai taɓa faɗa min ba?"