Gansakuka a Kujerar Taga

Tun daga gida saurayin yake fargabar abu ɗaya: kada gansakukar da ke cikin kwalbarsa ta rasa hasken rana ta mutu kafin ya isa matatar ruwan datti, inda zai nuna gwajinsa ko a ɗauke shi aiki. Da ya shiga mota a tasha, sai ya tarar wata dattijuwa ta riga shi kujerar taga.

"Iya, don Allah ko za ki taimaka mu yi musanyar wuri?"

"Amai kake yi a mota?"

"A'a, ba don ni ba ne, don wannan ce. Tana bukatar rana."

Ta leƙa kwalbar. "Wannan ba ita nake kankarewa a banɗaki ba?"

"Danginta ce, Iya. Ita ke cinye ƙazantar da ke cikin dagwalon masai, ba sai an zuba magani ba."

"Wato kashi take ci, kuma ni zan tashi in ba ta wuri?"

"Ba haka nake nufi ba. Wata shida ke nan ina rainonta."

"Raino! Kana da mata?"

"Tukuna dai."

"Na ga alama. Ɗana ma haka yake, ya hana ni jika."

Ta gyara zama, ta ɗaga murya har direba ya waiwayo.

"Ba inda zan tashi! Miƙo ta nan in rungume ta. Amma ta kuskura ta jiƙa mini zane, ta taga zan wurga ta!"