Sallau Magini da Karatun Ƙafa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman da sauran malamai. Wakilan ƙaramar hukuma da suka taso daga Talata Mafara, masu unguwanni, Sarkin Magina da jama'arsa, baƙinmu na Bakura da Dakko, ina gaishe ku gaisuwar girma. Iyalan marigayi, Inna Taibatu, Yaya Gimbiya da ke sauraro daga cikin zaure, da kai Sambo ɗansa, sannunku da haƙuri.

Sunana Jibrin, Sarkin Makafin wannan gari, sana'ata tukar igiya. An ce ni zan yi magana a wannan addu'ar arba'in ta Malam Sallau Magini. Na yi mamaki, don a duk taron nan ni da mutanena ne kaɗai ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Amma in dai aikinsa ne, mun fi ku saninsa, domin ku kallonsa kuke yi, mu kuwa taka shi muke yi.

Kun tuna shekarar da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya doshi tsohon garinmu na ƙasar Maradun, aka kwaso mu zuwa nan. Kowa ya yi rashi. Namu rashin dai ba wanda ya lura da shi. A can, ƙafarmu ta haddace gari: ga saiwar tsamiya, ga gangaren marina, ga inda yashi ke farawa. A nan kuwa layi ɗaya kamar ɗaya, gida ɗaya kamar ɗaya, ga manyan ramuka inda aka haƙi ƙasar gini. Ba mu daɗe da zuwa ba Gimbiya, yayar marigayi, makauniya irinmu, wadda ta yi shekara da shekaru tana kai daddawarta kasuwa ba ɗan jagora, ta rufta cikin ramin bayan masallaci ta karye a hannu. Hannu ya warke, amma ta ce ita da ƙofar gida sai ranar da za a fitar da gawarta. Mace mai dariya ta koma ba ta magana. Wannan ne ya hana Sallau sukuni.

Ya kasance mutum mai gaggawar alheri, kuma gaggawar ta taɓa ba shi kunya. Ya jera duwatsu a gefen hanya tun daga gidansu har kasuwa, ya bi su da farar ƙasa, suka yi fes. Masu ido suna ta yabo. Ya zo da murnarsa ya gaya wa yayarsa. Ina wurin. Sai ta ce, “Sallau, wa ka yi ma kwalliyar ga? Ni ko masu kallo?” Ranar muka fara jin dariyarta tun da aka taso. Shi ma ya yi dariya har da tari, ya ce, “Yaya, kin gama da ni.”

Ya kasance mai karɓar gyara. Kashegari aka ga Sallau ya naɗe idanunsa da rawani, ya tuɓe takalma, yana laluben hanya tsakar rana. Wasu daga cikinku, ba zan kama suna ba don na gane muryoyinku, kun ce magini ya taɓu. Ya yi karo da katanga, ya yi karo da jakin Dikko, kuma jakin bai yafe ba. Da ya gaji ya zo rumfata ya zauna ya ce, “Sarki, koya mani yadda ƙahwa ka karatu.” Daga nan kalmar ta samo asali, har yau karatun ƙafa muke ce wa aikinsa.

Abin da ya fito da shi ba wuya. Dutse mai santsi, an binne shi a tsaye bi da bi, yana cewa ci gaba. Marmara mai kaushi, an gitta ta a hanya, tana cewa tsaya, akwai rami ko mararraba. Sandarmu na ji, tafin ƙafarmu na ji. Masu santsin kuwa bai yarda ya tsinto su ko'ina ba. Ya ari jakuna, har da wancan na Dikko, ya yi ta komawa tsohon gari kafin ruwa ya gama rufe shi, yana kwaso duwatsun bakin gulbi inda mata ke wanki.

Ranar da ya gama, ya roƙi Gimbiya ta taka ko sau ɗaya ne. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ɗora ƙafa, ta murza, ta sake murzawa. Sai ta ce, “Wanga dutsen gulbinmu na.” Ta yi kuka, mu ma muka yi. Sannan ta ce a miƙo mata ƙwaryar daddawarta, kuma kada kowa ya riƙe mata hannu.

Ya kasance ba ya cewa ya gaji. Da labari ya kai Mafara da Bakura, inda hanyoyin ruwan noman rani suka yanke turbobin da makafi suka saba bi, can ma ya je ya gitta marmara a bakin gadoji. Kuma kowace damina, idan ruwa ya kwance wani dutse, kafin ƙafarmu ta kai wurin ya riga ya mayar da shi. Mun saba har mun manta akwai mai yi.

Inna Taibatu, mun san mun ci lokacin mijinki da yawa, ki yafe mana. Yaya Gimbiya, ƙaninki bai iya dawo miki da ido ba, amma ya dawo miki da gari. Ki ci gaba da fita, don Allah. Idan kika koma ɗaki, a ranar ne zai mutu a wurinmu.

Jama'a, damina ta kusa. Yau da safe ina tahowa nan, a kwanar gidan Dikko, sandata ta nemi dutse ta samu rami. Na tsuguna na lalubo shi a gefe, ga shi a hannuna. Tun da aka yi layin nan ban taɓa tarar da gurbi ba sai yau, kuma a wurin ne na tabbata Sallau ya tafi. Sambo, kai ka gaji sana'arsa, matso kusa in ji hannunka. Karɓi. Gurbinsa na can yana jira, kuma gwaggonka Gimbiya ta nan za ta bi gobe, ranar kasuwa.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah ya mayar da kowa gida lafiya. Ya Allah, bawanka Sallau yau yana inda ido ba ya amfani. Ka haskaka kabarinsa, ka gafarta masa, kuma ranar tsallake siraɗi ka tabbatar da ƙafarsa kamar yadda ya tabbatar da tamu. Amin.