Ƙoran Da Muke Kifewa A Ƙofar Gidansa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajara daga unguwar Yantala a Yamai, asalina ƙasar Tahoua.

Shekarar da fari ya cinye gonakinmu, kullum ina layi gaban mangazar gwamnati, wato ɗakin ajiyar hatsi, da ɗiyata Rabi a goye. Babban ma'aikacin da ke riƙe da makulli yakan leƙo ya ce, "Ku yi haƙuri, hatsin taimako bai iso ba." Da muka gaji muka kamo hanyar Yamai. Rabi ta cika a bayana, ban sani ba sai da na kwance goyo.

Da sojoji suka karɓi mulki aka buɗe mangazar, aka tarar da buhuna har rufi, ƙwari sun cinye. Aka kama ma'aikacin. Daga baya aka sako shi ba shari'a, ya tare a unguwarmu.

Yanzu kowace Juma'a, mu matan da muka rasa ƴaƴa muna zama ƙofar gidansa, mu kife ƙoranmu. Ba zagi, ba jifa. So muke a tsayar da shi gaban alƙali ya faɗi dalili. Maigidana ya ce, "Hajara, ki bari, soja ba ya son taro."

Malam, ku ba ni shawara. In na bari, wa zai tambaye shi? Jiya ma'aikacin ya aiko mini da buhun hatsi, na mayar masa. Hatsin ya iso, amma wadda na yi layi dominta tana ƙarƙashin ƙasa.